Kun Sayi Kati, Kun Jingine Hankali

Samarin Bauchi masu buga kati a waya, da ku nake. Na Gwallameji da na Yelwa, na Fadaman Mada da na Jahun, da ku da kuke cika bencin masu caji a bakin Wunti kuna jiran batir ya ɗan hau. Na gaji da jin kukanku, kuma kullum kukan ɗaya ne: wai wasan maguɗi ne, wai kamfani ya tsane ku, wai netwok ne ya ɗauke, wai wancan kuɗi ya zuba. Ƙarya kuke yi. Mafi yawan cin da ake muku ku kuka jawo wa kanku shi tun kafin a fara wasa, tun lokacin da kuka zauna kuna zaɓar katunan da za ku shiga da su. Wasan lissafi aka miƙo muku, kuka mai da shi na garaje da sayen sa'a. A kan wannan lalacin tunani za mu yi magana yau, ba sani ba sabo.

Saboda iyaye da yayyen da ba su san abin da ake dannawa a wayar ba, bari in fayyace. Sunan wasan Clash Royale, kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ne ya sake shi ga duniya a watan Maris na 2016. Mutum biyu ke karawa, kowa da hasumiyarsa uku, ga kogi a tsakiya da gada biyu. Katunan sun haura ɗari, amma takwas kaɗai ake shiga fage da su, huɗu a hannu, huɗu a layi. Kowane kati da farashinsa, kuma da wani ruwa mai launin shunayya ake biya, ana ce masa iliksa. Ɗigo ɗaya yake taruwa duk bayan daƙiƙa 2.8, ma'ajinsa kuma ba ya ɗaukar fiye da 10, in ya cika sauran zubewa yake yi. Wasan minti uku ne, a minti na ƙarshe ruwan ya ninka gudu. Ɗan Helsinki da ɗan Bakaro, ɗan minista da ɗan mai faci, duk ɗigo ɗaya suke samu a daƙiƙa 2.8. Yadda mutum ya kashe wannan ɗigon shi ne wasan gaba ɗaya.

To ku dubi abin da kuke aikatawa. A karɓi wayar ɗaya daga cikinku a buɗe ƙunshin katinsa, ga irin abin da za a tarar: Golem mai 8, Mega Knight mai 7, P.E.K.K.A mai 7, Elite Barbarians mai 6, sai Wizard da Witch da Prince da Balloon, kowanne 5. Duk wanda ya yi kama da dodo an kwaso shi. A tara su, 48. A raba takwas, 6. Ke nan kafin ka ajiye kati ɗaya sai ka jira kusan daƙiƙa 17. Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Dokar wasan ita ce katin da ka buga ba ya dawowa hannunka sai ka buga wasu huɗu. Mafi arahar huɗun da ke cikin wannan tarkacen sun tashi a 20, wato daƙiƙa 56, kusan sulusin wasan. In katin da zai cece ka ya wuce, sai dai ka zuba ido kana kallo ana rushe maka gida. Kuma a duk takwas ɗin babu ko kati ɗaya mai araha da zai share ƙananan mayaƙa in sun yi maka taron dangi.

Akwai wani tsohon ƙunshi da duk duniyar wasan ta san shi, ana kiransa da 2.6 saboda matsakaicin farashinsa. Hog Rider, Musketeer da Fireball kowanne 4, Cannon 3, Ice Golem da The Log 2, Skeletons da Ice Spirit 1. Jimla 21. Babu dodo ko ɗaya. Shi Hog Rider ɗin wani ƙato ne a kan alade, a'uzu billahi, haka suka zana shi, kuma ba ya kula kowa sai gini. Mai wannan ƙunshi zai turo shi ya doki hasumiyarka, ya buga ƙananan katuna huɗu da iliksa 6 kacal, ya sake turo shi, kai kuwa kana nan kana jiran ruwa ya taru ka sauke Golem. Kowane kati a cikin takwas ɗin ya san aikinsa: wannan na kai hari, wannan na janye maharin abokin gaba zuwa tsakiya, wannan na harbo masu tashi sama, biyu na shara, ƙananan kuma na ɗauke hankali da juya layi da sauri. Ku naku kuwa fa? Tamkar a ce Wikki Tourists ta fito filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa da 'yan gaba goma sha ɗaya, ba gola ba mai tsaron baya, in an zura mata biyar kuma koci ya fito yana zagin alƙalin wasa. Da kuna kan benen kallo da ku za ku fara jifansa da ledar fiya wata.

Waɗanda suka tsara katunan nan ba mahaukata ba ne. Duk katin da suka ba ƙarfi sai da suka bar masa kafa. Mega Knight, wanda kuka ɗauka shi ne ƙarshen duniya, ba ya iya taɓa abin da ke sama. Jemagun Bats masu iliksa 2 za su yi ta cizonsa yana tafe bai san da su ba. Knight mai 3 ma, in an ajiye shi a inda ya dace hasumiya na taya shi harbi, zai tsayar da shi. P.E.K.K.A sara ɗaya take yi a lokaci guda, kuma a hankali, don haka rundunar ƙwarangwal ta Skeleton Army mai 3 sai ta yanyame ta ta kayar. Ita rundunar kuma gungumen The Log mai 2 in ya gangaro babu wanda zai rage. Inferno Tower mai 5 na narka Golem mai 8, amma walƙiyar Zap mai 2 na mai da wutarta farko. Minion Horde mai 5 kibau masu 3 ke zubar da su duka. Babu kati ɗaya da ba shi da maganinsa, kuma sau da yawa maganin ya fi shi araha. Da gangan aka yi haka, domin a nan cinikin yake: wanda ya kashe 3 ya halaka mai 7 ya ci ribar 4, kuma wannan ribar ce zai juya ta zama hari a ɗaya gadar lokacin da hannunka babu komai. Gwani kansa cike yake da ƙidaya. Ya san nawa ka kashe, nawa ya rage maka, wane kati ka buga, saura nawa ya dawo.

Na tsaya a wani shagon caji kusa da kasuwar Muda Lawal, wani yaro da bai wuce shekara sha bakwai ba yana buga wasan a waya mai fasasshen gilashi, igiyar caji a maƙale, abokansa uku sun rufu a kansa. Ruwa na kaiwa 7 ya dangwara Mega Knight a bakin gada, abokan suka ɗau ihu. Abokin karawarsa ya ajiye Knight a tsakiya, ya saki jemagu. Dodon ya yi tsalle ɗaya, ya ɓata lokaci a kan Knight, ya faɗi bai ko shaƙi ƙamshin hasumiya ba. Kafin yaron ya farga mahayin aladen ya tsallaka ta ɗaya gefen. Ya danna Wizard, ruwa bai kai ba. Ya sake dannawa, ya sake, har babban yatsansa na zamewa a kan gilashin. Hasumiya ta zube. Ya buga wayar a cinya ya ce, "Wallahi Yaya, wasan nan sun sayar da shi." Na ce, "Ƙanena, lokacin da ka sauke dodon nan, iliksa nawa ke hannun mutumin?" Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. Ya ce, "Wa yake ƙirga wannan?" Wanda ya ci shi mana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba daga gidan jahilan karta kuka fito ba. Ku je kowace majalisa a Kobi ko Nassarawa da yamma, inda manyanku ke shimfiɗa tabarma suna buga Whot. Daga Ingila wasan ya zo, wani William Henry Storey ne ya ƙirƙiro shi a 1935, amma yau ya fi zama namu fiye da nasu. Kati 54 ne, kuma ba a raba su daidai ba. Bol 12, angul 12, kuros 9, kafet 9, tauraro 7 kacal, sai Whot mai lamba 20 guda biyar. Babu 6, babu 9. Lamba 8 mai dakatar da na kusa da kai sau uku kawai ta fito, a bol da angul da tauraro. Lamba 14 mai tura kowa kasuwa sau huɗu, tauraro ba shi da ita. Shi tauraron da yake ya fi ƙaranci, in kasuwa ta ƙare aka zo ƙirga abin da ya rage a hannu, ninki biyu ake lissafa shi: tauraro mai 8 a hannunka 16 ne a wuyanka. Wannan shi ne tsara kati da daidaita shi, tun kafin a haifi kakan wayar salula. An ba tauraro daraja, an kuma ɗora masa haɗari.

Tsohon ɗan karta bai karanta wannan a ko'ina ba, amma ya san shi kamar yunwar cikinsa. In ya sauke Whot ya ce a ba shi tauraro, ba son ransa ya bi ba. Ya ga biyar sun riga sun sauka, na shida na hannunsa. Ba ya jefa 2 da wuri don ya ji daɗin cewa "ɗauki biyu". Yana riƙe da ita sai maƙwabcinsa ya yi shelar kati ɗaya ya rage masa, sannan ya ɗora masa. In ya ga kasuwa ta kusa ƙarewa, manyan lambobi yake fara zubarwa. Kuma daga ƙunshin kati ɗaya ake raba wa kowa. Ba a taɓa yin wanda ya zo majalisa da Whot na shida a aljihu ba, in ma an yi to sunansa ɓarawo, kuma ranar ce ƙarshen zamansa a wurin. Ba ina yabon karta ba ne, malamai sun yi maganarsu a kanta, musamman in kuɗi ya shiga. Cewa nake waɗancan ko a wasan banza ba su ajiye hankalinsu a gida ba. Ku da kuka yi makarantar da ba su yi ba kun ajiye.

Wasunku za su ce ai su sun wuce wannan ajin, ƙunshin gwanaye suke amfani da shi. E, na sani. Kuna kwafowa daga YouTube da TikTok, ko ku leƙa RoyaleAPI ku ɗauko wanda ya fi yawan nasara a makon. Kwafa ba laifi ba ce, kowane mai koyo da kwaikwayo yake farawa. Laifin shi ne kwafar takwas ɗin ba tare da tambayar me ya haɗa su ba. Ɗauki sanannen ƙunshin nan da aka gina a kan yaudarar gungume: Goblin Barrel, Princess, Goblin Gang, Knight, Inferno Tower, Rocket, Ice Spirit da The Log. Sirrinsa ɗaya ne. Uku na farkon duk gungume ɗaya ke kashe su, abokin karawarka kuma gungume ɗaya gare shi. Sai ka ajiye Princess a bakin gada ta yi ta tsokanarsa har ya ƙosa ya jefa mata, daga nan ka san sai ya buga kati huɗu kafin ya sake ganinsa, sai ka wurga gangar a kan hasumiyarsa. Wasan haƙuri ne da tarko. Ɗan Bauchi kuwa da an busa zai wurga gangar, a share ta da iliksa 2, ya sake wurgawa, a sake sharewa, ya ce ƙunshin ba shi da kyau, ya koma neman wani. Kowace faɗuwa sabon ƙunshi. Zinariyar da ya tara a wasan ya watsa ta a kan kati arba'in, babu ko ɗaya da ya yi ƙwari, babu ko ɗaya da ya san shi ciki da waje. Wayar tana ajiye maimaicin wasannin da ya buga, kyauta, yana iya komawa ya ga daidai inda ya zubar da ruwa. Ba zai kalla ba. Kallon kuskuren kai ciwo gare shi, zagin kamfani kuwa daɗi.

Kada ku ɗauka wanke kamfanin nake yi. Yana da nasa kason, kuma ba ƙarami ba ne. Daidaiton da na bayyana yana aiki ne in katunan ɓangarorin biyu lebul ɗinsu ɗaya. Kowane lebul da aka ƙara wa kati yana ƙara masa kimanin kashi 10 cikin 100 na rai da na duka, kuma wannan 'yar tazarar tana rusa lissafi: walƙiyar da ba ta kashe Goblins in lebul ɗaya suke, in ta ɗara su da ɗaya sai ta kashe. Lebul kuma ana samunsa ne da dogon haƙuri ko da kuɗi. A da rufin a 13 yake, a 2021 aka ɗaga shi zuwa 14, a watan Yuni na 2023 aka kai shi 15 tare da shigo da katuna masu rikiɗa, 'yan wasa a duniya suka yi ta tofin Allah tsine. Wanda ya zaci ya kai ƙarshe sai ya wayi gari an ƙara masa tsani. Ba abin mamaki ba ne. Wasan ya tara sama da dala biliyan 1 a shekararsa ta farko, kuma a 2016 ne kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya jagoranci sayen mafi yawan hannun jarin Supercell a kan dala biliyan 8.6. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba sadaka ya zo yi ba.

To amma wannan ai hujja ce a kanku, ba a gare ku ba. Kun san tarko ne, kuna ta faɗi da bakinku, sannan kuna zura ƙafa.

Kuma ku sani, katin da ya fi ƙarfi yau ba ya daɗewa a haka. Tun asalin wannan sana'a haka take. Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, shi ya fito da Magic: The Gathering a 1993, uban duk wasannin tara kati. A cikin katunansa na farko akwai Black Lotus, wanda ba a biyan komai a sauke shi amma ya ba ka ƙarfi uku nan take. Ya karya ma'auni har aka hana amfani da shi a kusan dukkan gasanni. Bayan shekara 26 da gogewa, kamfanin da ke buga Magic ya sake fitar da wani kati mai suna Oko a watan Oktoba na 2019, wata biyu bai cika ba aka haramta shi a babban rukunin gasa. In masu kati na takarda sai sun haramta, masu na waya ba sa ma buƙatar haka: lamba ɗaya za su canza a Helsinki, ka farka da safe ka tarar dodon da ka kashe wa kuɗi ya zama rago. Ko da gangan suke fito da sabon kati da ƙarfi don a saya, ko kuskuren awo ne, a aljihunka sakamakon ɗaya ne. A Hearthstone na kamfanin Blizzard, in an rage wa kati ƙarfi ana ba ka damar narka shi ka karɓi cikakken abin da ya ci a cikin wasan. A naku wasan ko sisi ba a mayarwa. Mai Black Lotus na takarda yana iya sayar da abinsa ya sayi gida. Kai katinka ba naka ba ne, aro aka ba ka, kuma dokar kamfanin ta hana sayar da akawun. Duk da haka ga ku can kuna sayen akawun a hannun dillalan WhatsApp, bayan mako biyu mai shi na asali ya ƙwace kayansa, ku dawo kuna ihu bayan hari.

Mu zo kan kuɗin. Da dala ake yanka farashin kayan wasannin nan. A farkon 2023 dala ɗaya a hukumance naira 460 da 'yan kai ce. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, a 2024 dalar ta haura 1,500. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun watan Yuli na 2024. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A cikin wannan hali ne yaron da uwarsa ke tuyar ƙosai a bakin layi zai karɓi kuɗin littafi ya kai wa dillali a saya masa duwatsun da ake sayayya da su a cikin wasan. Wani kuɗin Keke ne da ya yini yana ja daga Wunti zuwa Yelwa, bai cika wa mai mashin balas ba. Me aka saya? Lebul ɗaya a kan katin da bai iya ajiye shi a gurbinsa ba. Ya hau matakin da ya fi ƙarfinsa, ya haɗu da waɗanda suke da lebul ɗin kuma suka iya wasan, a ci gaba da lallasa shi, sai dai yanzu da kuɗinsa.

Masu eFootball, na ga kuna murmushi kamar ba da ku ake ba. Ku ne ma kan gaba. Tun da Konami ta sauya wa PES suna a 2021, abin ya koma tara katunan 'yan ƙwallo. Ka sayi kwabban wasa, ka juya akwati, ko tsohon gwarzo ya faɗo ko tarkace. In Allah ya sa ya faɗo, sai a cusa shi a fili ko da gurbinsa ko babu, mai buga gefe a mai da shi tsakiya, salon kocin daban salon 'yan wasan daban, tsakiyar fili wayam. Yaro mai 'yan wasan kyauta da ya san inda kowa zai tsaya ya zura maka uku, ka ce ai kwamfuta ta riga ta rubuta sakamakon. Shi wannan juya akwatin, ka biya kuɗi tabbas a kan abin da ba ka san me zai fito ba, ƙasar Beljiyam ta duba shi a 2018 ta ce caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Ƙasar Sin tun 2017 ta tilasta wa kamfanoni su bayyana yiwuwar fitowar kowane abu a akwati. Mutanen da ba su da Hisba ne suka kira shi da sunansa. Kai da za ka tsallaka titi don kada a gan ka a ƙofar shagon caca, ga shi ka shigo da shagon cikin ɗakinka, har kana juyawa ana kiran sallar Magariba.

In kuna son ganin abin da wasan yake in an cire kuɗi, ku dubi gasar duniya. A can lebul ɗin kowa ɗaya ne. Kuma ba a shiga da ƙunshi ɗaya a yi ta nanatawa. Katin da ka yi amfani da shi a zagayen farko ba ka sake taɓa shi a na biyu, don haka dole ka san katuna da yawa da yadda suke cin junansu. Wanda ya ɗauki kofin a 2022 ba Bature ba ne, ba kuma ɗan Sin ba ne. Mohamed Light ne, matashi ɗan Masar, ɗan nahiyarku. Ku kalli wasansa ko sau ɗaya da idon koyo, ba da idon ihu ba. Za ku ga yana ajiye ƙwarangwal masu iliksa 1 a daidai taku ɗaya da zai sa dodo ya juya baya, yana barin a ɗan taɓa hasumiyarsa da sani don ya adana ruwa, yana jira, yana jira, sai ya tabbatar maganin harinsa ya bar hannun abokin karawa sannan ya afka. Ba wani kati gare shi da babu a wayarku ba.

Da yawanku ɗalibai ne, wannan ya ƙara munin abin. Kuna Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wasu a Yelwa wasu a Gubi, kuna Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, kuna ta Tatari Ali. Akwai masu karanta injiniyanci, akwai masu lissafi, akwai masu kimiyyar kwamfuta. Mutumin da ke warware lissafin da ya cika allo da safe, da dare ya kasa raba 48 gida takwas ya gane ƙunshinsa ya yi nauyi. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ƙin amfani da ita ne. Kuma a cikinku ne ake jin masu cewa wata rana za su ƙirƙiro wasan waya na Hausa, da dawakai da 'yan sulke da 'yan baka. Madalla da buri. Amma wanda bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa wannan kati 3 wancan 7 ba, da me zai auna nasa? Zai zana barde mai kashe kowa, a buga kwana biyu a watsar.

Ban ce ku daina wasa ba. Da zaman gulma ko bin 'yan sara-suka gara wannan sau dubu, in an san lokacinsa, ba a ci lokacin sallah da na karatu ba. Cewa na yi ku buga shi yadda aka gina shi. Ka zauna ka zaɓi takwas, ka iya faɗin aikin kowanne da bakinka: wa ke rushe hasumiya, wa ke tare na ƙasa, wa ke harbo na sama, me zai share taro. In matsakaicin ya haura 4 ka tambayi kanka dalili. Ka riƙe su wata guda ko ana cin ka, kana komawa kana kallon inda ka yi ɓarna. Iyaye kuma, in yaro ya ce a ba shi kuɗin data sau uku a mako, a karɓi wayar a duba inda take zuwa.

Mai cewa kuɗi ne kawai ke cin wasan, ga hanya a buɗe. Wasan sada zumunci tsakanin abokai kyauta ne, kuma a cikinsa ana daidaita lebul ɗin kowa. Ka kira wanda ka fi raina wa kati a unguwarku, ku zauna a benci ɗaya, netwok ɗaya, ku buga goma. In ya ci ka bakwai, kada ka sake kawo mana maganar kamfani. Kai ne ba ka iya ba, sai ka je ka koya.